Rijiyar da Geza Ta Riƙe

Ranar kasuwar Rano da ta wuce, Alhaji maigidana ya shigo da wani ɗan ƙullin leda ya ajiye mini a bakin tabarma. Ya ce, "Ga abin da kike ta yi mini mita a kai, na samo a wurin masu magani." Na kwance, sai ga ganyen geza, ya bushe ya marmashe, ba a gane shi sai ta ƙamshi. Na tambaye shi daga ina aka ce an kawo, ya ce wai daga can arewa, wajen bakin iyaka. Na ce, "Yanzu gezar ma sai an ɗoro ta a mota?" Ya ce, "Hajiya, ganye kika ce in nemo, ba ki ce in binciko asalinsa ba." Na yi dariya don kada ya ga kamar ban gode ba. Amma da na ɗora tukunya, ruwan ya fara juyewa ja, tururin ya bugi fuskata, sai na tuna da gida. Na zauna a gaban murhu har wutar ta mutu ban zuba ko kofi ɗaya ba. Tun ranar nake ta tunanin gidanmu, da rijiyar da ke tsakar gidan, da tsiron da ya riƙe ta.

Ƙauyenmu yana gindin wani dutse ne, in an bar Rano an nufi Kibiya. Yaran yanzu in na ce musu geza sai su tsaya suna kallona. Ba itace ba ce da za a ce ga gindinta ga inuwarta, kuma ba ciyawa ba ce. Inda komai ya ƙi, nan take so: kan tsakuwa, kan jar marmara, cikin tsagin dutse, fakon da ko gero ba ya yarda ya tsaya. A bakin dutsenmu akwai wani kurmi na manyan marke da ƙirya da kanya, kuma geza ta nannaɗe su tun daga ƙasa har inda ido ke gajiya. Gab da faɗuwar damina takan yi ƙananan furanni farare, ƙudan zuma su cika wurin da guna, tun daga nesa kake jinsu kamar ana karatu a ƙasa-ƙasa. Da kaka ganyenta ya koma ja, 'ya'yanta masu fukafukai su bushe, iska na kaɗawa suna ƙaraurau. A ƙarƙashinta makwarwa ke ƙwai, bushiya ke kwana, kuma ko rana ta take tsaka in ka shiga wurin sai ka ji sanyi a tafin ƙafarka.

Babu ɗakin da babu geza a cikinsa a lokacin. Akurkin kajinmu da ita aka saƙa, gindin rumbu da ita aka ɗaure, 'yar kujerar da Inna ke zama ta tuƙa tuwo ita ce. Wanda zazzaɓi ya kama a dafa masa ganyenta, mai jego a dafa mata, wanda cikinsa ya ƙulle shi ma ita. Inna tana da wata tsohuwar tukunya da ba a dafa komai a ciki sai geza, cikinta ya rine ya yi jawur. Amma babban aikinta a gidanmu, wanda ya fi duk waɗannan, shi ne rijiya.

Baba ne ya haƙa rijiyar da hannunsa tun yana saurayi, shi da Kawu, ƙanen Inna, tun kafin ma a yi zancen aure tsakanin gidajen biyu. Ƙasar unguwarmu yashi ce daga sama, sai an yi nisa ake tarar da mai ƙarfi. Kuma a tsakiyar haƙar sun ci karo da wani dutse da ya gagare su, suka kauce masa, don haka rijiyar ta fito siririya, da ɗan karkata a cikinta. Abin da ke hana yashin nan zubowa shi ne saƙar geza. Ana saƙa dogayen tsumagunta kamar wani dogon kwando marar gindi, a zura shi ya zauna daram a jikin bangon rijiyar. Geza ba ta saurin ruɓewa a danshi, gara ma ba ta cika damunta ba, amma duk da haka bayan 'yan shekaru sai an cire tsohuwar saƙa an sa sabuwa. Kuma ba kowace tsumagiya ke yi ba. Sai doguwa, miƙaƙƙiya, wadda za ta zagaye rijiyar ta dawo ta kama kanta.

Kafin a kai ni makarantar kwana, ni nake bin Baba yankan geza, don ni ce auta kuma ba na rabuwa da shi. Bayan an gama girbi ake zuwa, ba a zuwa da damina. Ba ya ɗaukar gatari, wata wuƙa ce mai kaifi da yake wasawa a dutsen bakin zaure, ƙarar wasawar ita ce ke gaya mini yau da tafiya. A hanya mukan wuce wasu gajerun gezoji a kan fako, sun yi cunkus kamar tsintsiya, ko kallonsu ba ya yi. Ni a zatona yara ne, ba su girma ba tukuna, kuma na tabbata haka kowa yake zato. In mun shiga kurmin sai ya ɗaga kai. Abin da na fi tunawa da shi ke nan: Baba tsaye, hularsa ta zame baya, yana bin tsumagiya ɗaya da ido har can cikin rassan marke. In ya zaɓa sai ya durƙusa ya yi bisimilla ya yanke ta a karkace. Yakan ce mini, "Auta, a bar mata kamar tsawon tafin hannu, ta nan za ta sake fitowa. Saiwar kuwa ba tamu ba ce." Sannan mu kama mu yi ta ja, tana saukowa a hankali, busassun ganye na zubo mana a ka, ni ina ta dariya. Daga kowane gindi ba ya ɗaukar fiye da kaɗan. Mu ɗaure su, ya saɓa a kafaɗa, jelarsu na jan ƙasa a bayanmu har gida.

Yanzu abin da ke tashe ni da safe shi ne ƙarar kurar 'yan ga-ruwa da karon jarkoki. A da kuwa ƙarar guga ce. Za ka ji igiya na gogar itacen bakin rijiya, sai shiru, sai can ƙasa ka ji tamfam. Baba ya buɗe wata 'yar ƙofa a dangar bayan gida musamman don matan maƙwabta su shigo ba sai sun bi ta zaure ba, kuma ba a taɓa sa mata ƙyaure ba. Kafin rana ta ɗaga tsakar gidanmu ya cika da tuluna da gammo da gaishe-gaishe. A nan ake jin wadda ta haihu da wanda ya kwana da ciwo. Matan Fulani in sun kawo nono sukan ajiye ƙwarya su sha su wanke fuska, wata rana su bar wa Inna ɗan man shanu. Ruwan yana da wani ɗan ɗaci-ɗaci mai daɗi na geza, musamman in an sa sabuwar saƙa. Da na je makaranta na sha ruwan famfo, sai na ji kamar ba a gama haɗa shi ba.

Na yi aure a cikin Rano, na haifi 'ya'yana, shekaru suka tafi. Rijiya tana nan, Baba yana tsufa, Kawu na taya shi saƙa. Sai aka shiga shekarun nan da soja suka koma bariki, aka yi zaɓe, sannan aka ƙaddamar da Shari'a. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane irin farin cikin da mutane suka yi ba. Masallatai suka cika, mata muka koma islamiyya da girmanmu, rediyo kullum wa'azi. A cikin wannan yanayi ne ciwon ajali ya kama Baba. Ranar da jikin ya yi tsanani muna zaune kewaye da shi da hantsi, ya dubi Yaya, babban wanmu, ya ce, "Gezar bakin dutse, kada a taɓa ta. Ita ke riƙe da rijiya." Yaya ya ce, "Insha Allahu, Baba." Bai ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan sai kalmar shahada.

Na dawo gida na zauna da Inna lokacin takabarta. Tana yawan kunna 'yar rediyonta, kuma wata rana wani malami ya yi bayani a kan sadaka mai gudana, ya ce wanda ya haƙa rijiya, duk mai ran da ya sha, ladan na isa gare shi har cikin kabari. Inna ta san wannan tun da, amma ranar sai maganar ta shige ta ta wata hanya. Ta rage murya ta ce mini, "Kin ji ko? Ashe Malam bai tafi hannu wofi ba." Daga ranar ta mayar da tabarmarta inda take hango bakin rijiyar. Duk gugan da aka jawo sai leɓɓanta su motsa. Ko akuya ce ta sha a kwatarniya sai ta ce, "Allah Ya kai masa." Abin da ya riƙe ta ke nan. Ba ta yi kukan da muka ji tsoro ba, rijiyar ta zame mata kamar wata hanya da ta rage tsakaninta da shi.

A cikin watannin nan ne masu gawayi suka zo. Kananzir ya yi wuya a birni, kowa ya koma gawayi, kuma sun zo da injin yankan itace irin wanda ba mu taɓa gani ba. Filin bakin dutse gadonmu ne, yana hannun Yaya. Ga iyali sun yi masa yawa, ga shi yana son ya ƙara gonar masara ta wannan gefen. Ina so a fahimce ni, Yaya mutum ne mai tsoron Allah, ban taɓa ganin wanda ya kai shi biyayya ga iyaye ba. Ya kwana biyu yana juya maganar, ya je ya sami liman, ya maimaita masa wasiyyar kalma da kalma. Liman ya ce abin da mamaci ya ambata shi ne geza, to a kiyaye geza. Sai Yaya ya kafa wa masu gawayin sharaɗin da har yau ake ba da labarinsa a ƙauyen: kafin su kayar da kowane itace, sai sun hau sun warware gezar da ke jikinsa da hannu, sun sauko da ita ba tare da ta karye ba. Mutanen suka yi ta gunaguni. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, mu itace muka zo yanka, ba kitso muka zo tsefewa ba." Yaya ya ce in ba za su iya ba ga hanya nan. Haka ya tsaya a kansu cikin rana, suna warwarewa suna shimfiɗe ta a ƙasa a hankali kamar igiyar da za a sake amfani da ita.

Muna gida muna jin kukan injin daga nesa. Inna ba ta fita saboda takaba, kuma Yaya ɗan farinta ne, tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai dai ta bi ta kan wani. Da ya shigo da yamma ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, sai ta dubi bango ta ce mini, "Auta, tambayi wancan, ƙarar mece ce nake ji a wajen dutse?" Na tambaye shi alhali yana ji. Ya ce, "Ki gaya mata itatuwa ne ake ragewa. Gezar kuwa ko ganye ɗaya ba a tsinka ba, ni na tsaya." Inna ta ce, "To madalla. Allah Ya yi albarka." Ni ma na ce amin, har cikin zuciyata.

Da rani ya yi, masu farautar gafiya suka saki wuta ta bi ta wurin, ta cinye dogayen tsumagun nan da ke kwance a ƙasa, waɗanda da suna sama da wutar ba ta kai gare su ba. Hankalin Yaya ya tashi. Amma da ruwa ya sauka sai geza ta tofo daga kowane gindi, kore shar, ta fi da yawa. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ai ga ta nan ta dawo, a ba ta lokaci ta girma. Aka ba ta lokaci. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. A tsakanin nan kansilanmu ya sa aka haƙa famfon tuƙa-tuƙa a bakin masallaci, aka yi taro aka yi tafi, matan unguwa suka koma can. Inna ba ta ji haushi ba, ta ce ruwa duk na Allah ne, amma na lura takan daɗe tana kallon 'yar ƙofar dangar nan. Kafin wani zaɓen ya zagayo famfon ya lalace, ba wanda ya zo gyara, sai ga mata sun dawo da tulunansu da bokitai, har da na wasu unguwanni. Inna ta yi ta murna kamar an yi mata baƙi daga Makka. Sai dai saƙar da ke cikin rijiyar ita ce ta ƙarshe da Baba ya yi, kuma ta fara baƙi tana saki. In an jawo guga sai a ga yashi a gindinsa.

Bayan girbi Kawu ya wasa wuƙar Baba, shi da Yaya suka tafi bakin dutse. Ina gidan ranar. Ba su daɗe ba suka dawo, Kawu riƙe da wasu 'yan sanduna da ba su fi tsawon hannu ba, duk ƙulli da rassa. Ya zubar da su a tsakar gida ya zauna a kan gammon wata mai ɗibar ruwa. Inna ta ce, "Ina gezar?" Kawu ya ce wa yayar tasa, "Yaya, geza tana nan, ta ma yi yawa. Tsawon ne babu." Ta ce, "To ba sai a ƙara mata shekara ba?" Ya girgiza kai ya ce, "Ko shekara nawa aka ƙara mata. Me za ta hau?"

Washegari na sa mayafina na tafi da kaina. Rabona da wurin tun ina budurwa. Na tarar da fili fetal, rana na dukan kututturan marke da suka yi baƙi, ga ramukan da aka gasa gawayi. Geza kuwa ga ta ko'ina, iya ƙirjina, cunkus kamar tsintsiya, irin waɗanda Baba ke wucewa a kan fako ba ya kallo. A nan na gane ashe waɗancan ba yara ba ne. Tsofaffi ne da ba su sami abin hawa ba. Neman haske ne ke sa ta miƙe a cikin inuwar manyan itatuwa, tana bin jikinsu tana tsawo, ba ta tsayawa yin rassa. In an ba ta rana kyauta, ba ta da dalilin tashi. Na ɗaga kaina yadda Baba ke yi, babu komai a sama sai sarari. Babu ƙudan zuma, babu makwarwa. Har masarar da aka yi abin dominta ba ta yi kirki ba, don ƙasar tsakuwa ce. Shi Baba bai ambaci marke a wasiyyarsa ba saboda bai taɓa tunanin akwai ranar da za a raba su ba.

Ba irin neman da Yaya bai yi ba. Ya hau kekensa ya bi ƙauyukan Kibiya, ya shiga wajen Yalwa da Zinyau, duk inda aka ce akwai sauran kurmi. Ko'ina labarin ɗaya ne: an sare manyan, inda kuma geza ta rage masu maganin da ke yawo da lasifika a kan mota sun sa an tone ta har saiwa. Ya kawo masu haƙar rijiya na zamani su duba ko za a zura zoben siminti. Suka leƙa, suka zura igiya, suka ce rijiyar ta yi siranta, ga kuma karkatar nan ta wajen dutse, zobe ba zai wuce ba, sai dai a haƙa sabuwa a wani gefen. Da aka gaya wa Inna sai ta ce, "A haƙa, alheri ne. Amma wannan ta wanda ya haƙa ce, ba ta Malam ba." Aka yi ta toshe wuraren da suka saki da gajerun sanduna da kara, kowace damina suna ruɓewa.

Inna kuwa ta ɗauki nata matakin. Ta sa Kawu ya ciro mata ƙaramar geza da ƙasarta, ta dasa a gindin darbejiyar tsakar gida don ta sami abin hawa. Ta haƙa mata rami mai kyau, ta zuba takin awaki, ta kewaye ta da ƙaya. Safe da yamma tana ba ta ruwan rijiyar da butarta ta alwala. Ganyen ya yi rawaya ya zube. Aka kawo wata, ta ƙara taki, ta ƙara ruwa, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Kawu ya ce, "Yaya, kashe ta kike yi da gata. Wannan ba 'yar gida ba ce, tsakuwa take so da ƙishirwa." Inna ta ce, "Kai dai ka faɗa ne. Ta yaya zan ga abu mai rai a gidana yana tsaye a rana in hana shi ruwa?" Kawu ya ce, "To ai shi ke nan, ki haɗa mata da fura." Muka yi dariya, ita ma ta yi, amma ba a sake kawo wata ba.

Cikin marka ne abin ya faru, da rana, bayan an kwana ana ruwa an wuni. Allah Ya taimaka babu kowa a bakin rijiyar. Matar Yaya ta ce ba wata babbar ƙara aka ji ba, kamar dai an sauke buhun hatsi ne a ɗaki. Da suka fito sai suka ga bakin ya faɗa ciki, itacen da igiya ta yi wa gurbi shekara da shekaru ya tsaya a tsaye cikin laka. Aka aiko mini, na zo da la'asar. Na sami Inna a kan tabarmarta a inda ta saba, tana kallon ramin. Na zauna kusa da ita. Sai ta ce, "Auta, ke da kika yi karatu, yanzu ladan Malam ya tsaya ke nan?" Na ce mata rahamar Allah ba ta rufta da rijiya ba, kuma ɗa nagari mai addu'a shi ma sadaka ce mai gudana, ga mu nan muna yi masa. Ta ce, "Na sani. Wallahi na sani. Sai dai shi ruwan ina ganinsa da idona."

Yaya yana durƙushe a can gefe cikin taɓo, kansa a ƙasa, mutum mai furfura a gemu yana kuka ba sauti. Ya ce mini, "Ki gaya mata ta yafe mini. Ni na kashe ta." Kafin in buɗe baki, sai Inna ta juya ta dube shi ido da ido, ta kira sunansa. Sunan da ban taɓa ji a bakinta ba tun da na zo duniya. Ta ce, "Tashi daga cikin laka. Abin da ubanka ya ce shi ka yi." Ba ta sake kiran sunan ba har ta bar duniya, kuma ba ta daɗe ba bayan nan.

Saboda yara, dole aka cike ramin. Lokacin tifofi sun fara ɗibar burji a bakin dutsen don aikin hanya, sun ci rabin filin gezar, sai Yaya ya roƙi wani direba ya juye masa jar marmara a ƙofar gida, aka kwashe da kwanuka aka zuba har ya cika ya yi tudu. 'Yar ƙofar danga aka toshe ta, daga baya ma aka yi katangar bulo. Yanzu gidan ruwan jarka ake saye kamar kowa.

Bara da na je gaisuwar salla, Yaya, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya ce in zo in ga wani abu. A kan tudun marmarar nan, daidai inda bakin rijiyar yake, wata 'yar geza ta fito. Ina jin irinta ya biyo burjin ne ya kwanta har Allah Ya yi masa lokaci. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya kula ta. Yaya ya samo ɗan marke ya dasa a gefenta, ya kewaye su da ƙaya, ya kafa wa matan gidan doka kada wadda ta zubar da ruwan wanke-wanke a wurin. Marke ba ya sauri. Ni da shi mun san ba za mu ga ranar da zai yi tsawon da za ta hau ba, kuma ko ta hau, babu rijiyar da za ta riƙe. Ya ce mini, "Ko ba komai, wani zai ɗaga kai ya gani."

Na tsaya a kanta da butar alwala a hannuna, rana ta take, ganyenta ya ɗan lanƙwashe, kan tsiron siriri yana ta lilo a iska yana laluben abin kamawa. Hannuna har ya karkata da kansa, irin na Inna. Na mayar da butar na riƙe ta da hannu biyu. Na koma gefe na yi alwalata a inda ruwan ba zai gangara wajenta ba, na yi wa Baba da Inna addu'a, Allah Ya shayar da su daga ruwan da ba ya ƙafewa. Ita kuwa na bar ta da ƙishirwarta.